Ƙarfen da Baba Ke Ba Ruwa

A gidanmu na Ƙofar Durbi akwai wani wuri a tsakar gida, jikin bangon ɗakin Baba, wanda bai taɓa bushewa ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da kaji ke yawo baki buɗe don zafi, wurin nan taɓo ne. Wani ƙarfe ne aka kafa a wurin, kansa ya leƙo sama kamar taƙi ɗaya, an ɗaura masa waya a wuya, wayar ta bi bango ta shige ɗaki ta wata 'yar huda. Kullum Baba ya dawo daga sallar asuba sai ya cika buta ya tsiyaye ta a gindin ƙarfen. Alwalar azahar da ta la'asar ma a nan yake yi, don kada ruwan ya tafi a banza.

Maƙwabta sun mayar da abin na tsokana. Sai ka ji wani ya leƙo daga zaure yana cewa, "Malam, wai yaushe shukar nan taka za ta yi ɗiya?"

Shi kuwa sai ya ce, "Tana yi kullum, ku ne dai ba ku ji."

Na girma ina ganin wannan ban ruwa, ban taɓa tambayar dalilinsa ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna kuwa ko kallona ba ta cika yi a gaban mutane. Da na fara koyarwa a makarantar 'yan mata sai Baba ya sami mafita, ya riƙa ce mini Malama. Tsakanina da shi akwai ƙauna mai yawa, amma magana kaɗan ce, ita ma a kaikaice. Ni kuma Allah ya yi ni da zafin nama da saurin yanke hukunci. Idan na ga abu ya karkace, ba na tambayar wanda ya karkata shi, miƙe shi kawai nake yi.

Baba ma'aikacin gidan waya ne, cikin masu buga tangaraho, tun zamanin da saƙon haihuwa da na mutuwa ke tafiya da ɗan gajeren ƙara da dogon ƙara. Lokacin da aka kawo sababbin injuna aka yi gwanjon tsofaffin, ya sayo guda ɗaya, aka kawo shi gida a kura. Ban taɓa ganin rediyo irinsa ba, har yau. Akwatin ƙarfe ne ruwan toka, sai ƙarti biyu sun kama suke ɗaga shi. Gabansa maɓallai ne birjik, da wata taga ta gilashi mai lambobi jere-jere, allura na tafiya a kansu. Idan ka leƙa ta ramukan murfinsa za ka ga ƙananan kwalabe a tsaye, waɗanda Baba ke kira bawul. In an kunna sai su fara ja a hankali kamar garwashin da aka hura, ɗakin ya ɗauki wani ɗumi da ƙamshin tsohon fenti. Ba ya magana da zarar an taɓa shi, irin na 'yan rediyon batir da muke ratayawa a kicin. Sai ya yi rabin awa yana ɗumama kafin muryarsa ta zauna wuri ɗaya. Baba yakan ce baƙon kirki ne, sai ya huta ya sha ruwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Na gajeren zango ne, kuma kunne ne kawai, ba shi da baki. Yana kamawa, ba ya aikawa. Wannan maganar ita ta cece mu a zamanin soja, ranar da wasu mutum biyu suka yi sallama suna tambayar doguwar wayar da aka ja daga rufin ɗakin Baba zuwa darbejiyar ƙofar gida. Baba ya shigo da su, ya ba su tabarma, ya kwance murfin akwatin ya nuna musu cikinsa kwalba bayan kwalba, har suka gaji. Ɗayansu ma ya nemi a kamo masa wasan ƙwallo kafin su tafi.

Yadda yake kula da rediyon nan abin kallo ne. Bawul ɗin da ya tanada, tunda an daina kawo su kasuwa, kowane yana naɗe cikin tsohuwar safa a cikin wata kwallar Inna da ya ƙwace. Gashin kaza yake sawa ya share cikinsa. In zai nemi tasha, ba ya murɗa maɓalli da ƙarfi, yatsa biyu yake sawa yana lallaɓawa, ido a rufe, har ya zaro wata siririyar murya daga cikin shuuu ɗin nan da ni ban jin komai a cikinta. Labaran duniya ba su dame shi sosai ba. Abin da yake bi shi ne hirar wasu mutane da ke ajiye injin aika saƙo a gidajensu, da lasin gwamnati, ba don kasuwa ba, don sha'awa kawai. Suna gaisawa daga ƙasa zuwa ƙasa da irin bugun da ya yi rayuwarsa yana yi.

Cikin waɗannan mutane akwai abokinsa. Kirista ne, mutumin Filato, sun yi shekara da shekaru a benci ɗaya a gidan waya na Katsina, matarsa ma ita ta koya wa Inna saƙa. Da suka yi ritaya ya koma Jos, ya yanki lasi ya haɗa injinsa. Mu dai mutumin Jos muke ce masa. Suka yi alkawari: kowace Asabar da ƙarfe takwas na safe, a kan mita arba'in, in ya gama gaisawa da abokan sha'awarsa, zai buga wa Baba nasa saƙon. Baba ba shi da bakin amsawa, sai ya rubuta takarda ya kai gidan waya ran Litinin. Shi ya yi magana ta iska, Baba ya amsa ta takarda, haka suka yi ta yi fiye da shekara goma. In an ɗauke wuta ranar Asabar, takardar makon layi ɗaya ce, ta ba da haƙuri.

Baba yakan ce kowane mai bugu da hannunsa, kamar yadda kowa ke da tafiyarsa. Ko mutum ɗari ne ke bugu zai tsamo hannun abokinsa, wai yana jan dogon ƙara kamar mai ɗingishi.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, gari ya cika da fastoci da alkawura, a shekarar idon Baba ya soma tafiya. Da farko lambobin gilashin ne suka ɓace masa, bai damu ba, don yatsunsa sun san wurin kowace tasha. Daga baya rubutu ya gagara. Nan na shigo cikin lamarin. Duk Asabar sai in baro gidan mijina da sassafe, in zauna a bakin tabarma da biro da takarda. Shi yana kan kujera da abin saurare a kunnuwansa, yana faɗar saƙon da ƙarfi kalma bayan kalma, yatsansa na bugun tebur yana bin abin da yake ji. In an gama sai ya faɗi amsa in rubuta. A wannan zaman na san mahaifina fiye da duk shekarun baya. Ashe mutum ne mai barkwanci. Tsofaffin nan biyu ba abin da suke yi sai tsokanar juna a kan wanda ya fi saurin bugu da wanda haƙoransa suka fi saura.

Wata safiya, bayan damina ta ɗauke, Baba ya zame a taɓon nan ya faɗi, gwiwarsa ta kumbura. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce a zuciyata, mutum ba ya gani, a bar masa santsi a ƙofar ɗaki? Ba da jimawa ba aka ba shi ranar aikin ido a wani asibiti a Kano, suka tafi da Inna za su yi mako biyu. A lokacin kuma sabuwar gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, hannuna ya ɗan yi nauyi. Ban yi shawara da kowa ba. Na kira birkila na ce a shafe tsakar gidan nan da siminti tun daga zaure har bakin rijiya.

Da aikin ya iso jikin bango, birkilan ya tsaya ya ce, "Malama, wanga ƙarhe hwa? Akwai waya jikin shi."

Na san wayar ta rediyo ce. Amma a nawa ilimin, magana daga sama take zuwa, ta eriya, me ƙasa za ta kawo? Na ɗauka maganin tsawa ne, damina kuwa ta wuce. Na ce, "Yanke wayar, ka buga shi ƙasa, ka shahe." Ya yi yadda na ce. Tsakar gida ta fito sumul, na kira matan maƙwabta suka zo suka gani, ana ta sa mini albarka, ni kuma ina ta fankama.

Aikin idon bai yi wani amfani ba. Baba ya dawo yana bambance haske da duhu kawai. Ina tsaye ya shigo, Inna na riƙe da sandarsa. Ya ji siminti a ƙafarsa, ya tsaya. Ya tuɓe takalmi ya bi bango da hannu har ya kai wurin ƙarfen, ya shafa wurin da tafin ƙafa, ya sake shafawa. Sannan ya ce, "Madalla. Aiki ya yi kyau. Allah shi yi ma Malama albarka." Na koma gida ranar kamar an ba ni kujerar Makka.

Asabar ta zo, na zauna da birona. Rediyo ya ɗumama, amma maimakon shuuu ɗin da na saba ji daga nesa, wani gurnani ne ke fita, har daga inda nake ina jin sa. Baba ya yi ta lallaɓa maɓalli har ƙarfe tara ta wuce. Ya cire abin kunne ya ce, "Yau ba takarda. Wutar ba ta da ƙarhi." Da na miƙa hannu zan rufe rediyon da ƙyallensa sai ya ce, "Kar a taɓa jikin shi, yana ja kwanan nan." Mako na biyu ma haka. A na uku ya yi 'yar dariya ya ce, "Halan kunnen ne ya bi ido. Dama tare suka zo." Wannan magana ta soke ni. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, don na san in kunnen nan ya tafi ba abin da ya rage masa. Ko layi ɗaya na ban haƙuri ya ƙi yarda a rubuta, wai me za a ce.

Duk wannan lokaci, kullum da asuba yana cika buta ya tsiyaye a kan simintin, daidai wurin da ƙarfen yake. Na gani, na ce sabo ne, sabo kuwa turken wawa, har na yi masa uzuri irin na tsufa. Allah ya yafe mini.

A mako na shida takarda ta zo daga Jos. Rubutun ya karkace, da ƙyar na karanta. Mutumin Jos ya ce hannunsa ya fara rawa, kowane bugu da wahala yake yin sa. 'Ya'yansa sun ce tunda ba mai saurare, a tattara injin a huta. Ya ce ya roƙe su su bar shi zuwa Asabar ta ƙarshen wata. In har lokacin bai ji komai ba, zai san ko dai Baba ya riga shi, ko ya gaji da shi, kuma duk biyun ba zai yi jayayya ba. Asabar ɗin da yake nufi saura kwana bakwai.

Baba ya saurara har na kai ƙarshe. Can ya ce, "A rubuta mashi, kunnena ya mutu. Shi huta, ya yi ƙoƙari."

Na ajiye biro na ce ba zan rubuta ba. Na fito tsakar gida ina faɗa, ina cewa gobe-goben nan zan nemo mota a kai shi wajen likitan kunne, ko Kano ne ko Kaduna. Inna na bakin murhu tana tuƙa tuwon rana. Ba ta dube ni ba, dama ba ta cika yi ba. Tukunyar ta yi wa magana.

"Kunnen da ke jin tahiyar ƙadangare bisa bango, shi za a kai asibiti? Ni da na shekara talatin ina mitar taɓo, ban taɓa sa hannu ga ƙarhen mutane ba. A dai tambayi siminti."

Na tsaya kamar an dasa ni. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba. Kunya ta rufe ni, sai kuma haushi ya biyo baya, don ni haka nake, in na ji kunya faɗa nake yi. Na koma ɗakin na durƙusa na ce, "Baba, mi ya sa ba ku hwaɗa mani ba? Mako shida!"

Ya juya fuskarsa wajen bango, kamar yadda yake yi in zai yi mini magana mai nauyi. Ya ce, "An yi abu don Allah, don kar in hwaɗi. An kira maƙwabta sun gani. Sai in dawo in ce a hwasa? Abokina ya san haƙuri."

Sannan, a karo na farko, ya yi mini bayanin abin da na shekara talatin da wani abu ina kallo. Ya ce eriya rabin kunne ce, ɗaya rabin yana cikin ƙasa. Abin da ya shigo ta sama sai ya sami hanyar sauka, in bai samu ba sai ƙarar wutar gida ta cika akwatin ta danne duk wata siririyar murya. Ƙasar Katsina kuwa rairayi ce, in ta bushe ba ta karɓar komai, shi ya sa ake ba ta ruwa. Ya faɗi wannan a natse, kamar yana karantar da ɗalibar da ya daɗe yana jira ta yi tambaya.

Ban kira birkila ba. Na aika aka aro mini guduma da wani ƙarfe mai baki wajen maƙerin bayan layinmu, na ɗaure zane. Abin da na ji tsoro shi ne inda zan fasa, don simintin duk ɗaya ne. Ashe ba sai na nema ba. Ruwan da makahon nan ya yi mako shida yana zubawa ya bar tabo, zagaye kamar faifai, har gansakuka ta fara fitowa. Na sa ƙarfen a tsakiyar tabon na yi ta bugu. Hannuna ya yi kanta, matan da na kira kallon aiki suka leƙo suna kallon ɓarna, ban ɗaga kai ba. Kafin la'asar kan ƙarfen ya bayyana, ko yatsa ɗaya Baba bai kuskure ba. Ya fito da kansa ya tsuguna, ya kankare tsatsar da wuƙa, ya ɗaura sabuwar waya da lalube, ya ƙulle ta tamau. Ni na ɗebo ruwa, bokiti uku na juye a ramin. Da aka kunna rediyo ya ɗumama, gurnanin nan ya tafi.

Saura mutumin Jos. Takardar gidan waya ba za ta isa a kan lokaci ba, don haka na rubuta tawa, ba da bakin Baba ba. Na faɗa masa abin da na yi tun daga birkila har guduma, na sa sunana a ƙasa. Da safe na kai tasha na ba wani direban motar Jos, na haɗa shi da Allah. Ban san ko ta isa ba. Makon nan ban koyar da abin kirki ba, kuma duk sallar da na yi sai na roƙi abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, wato kada a ɗauke wuta ran Asabar.

Ba a ɗauke ba. Tun bakwai da rabi bawul suka yi ja. Inna ta bar wanke-wanke ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, wai tsintsiya take nema. Takwas ta yi, ta gota da minti biyar, da minti goma. Baba na zaune bai motsa ba, yatsa biyu a kan maɓalli. Sai na ga kafaɗarsa ta sauka, yatsan ɗaya hannun ya fara bugun tebur.

"Ga ɗan ɗingishin nan," in ji shi. "A rubuta."

Na rubuta. Mutumin Jos ya ce takarda ta iso ran Alhamis. Ya ce ya gaya wa 'ya'yansa duk wanda ya taɓa injinsa sai ya ga ɓacin ransa. Ya ce dama ya san Baba ba zai riga shi ba, tunda ko a bugu bai taɓa riga shi ba. Baba ya yi dariya har da tari, hawaye na bin gemunsa. Ya ci gaba da faɗa ina rubutawa: "A gai da Inna. A gai da mai guduma, ɗiyar albarka..." Sai ya yi shiru, amma yatsansa bai tsaya ba.

Na ce, "Baba, mi ya ce?"

Ya ce, "Suna ne. Malama ta san mai shi."

Saƙon ya ƙare, ya cire abin kunnen ya ajiye. Ina naɗe takarda na ji yatsansa ya koma kan tebur, ya sake buga abin nan a hankali, sau biyu, fuskarsa na wajen bango.

Sun ƙara shekara uku suna Asabar ɗinsu kafin mutumin Jos ya rasu, Baba ya bi shi bayan damina biyu. Ban taɓa koyon bugun waya ba, ban san ko harafi ɗaya ba in an ware shi. Amma wannan guda ɗaya na riƙe shi, ko yanzu zan iya buga shi a kan tebur. Ramin yana nan a tsakiyar simintin, na hana a toshe, kuma duk ranar da na je gida a nan nake alwala.